Gishirin da Na Hana Rakiya

Da sunan Allah nake farawa, ina roƙonsa ya sa wannan rubutu ya amfani wani, ya kuma rage mini nauyin da ke wuyana.

Sunana Iliyasu, a Makera nake zaune. Na yi shekara goma sha ɗaya ina aiki a masaƙa a Kakuri, a sashen kaɗi, kafin injuna su yi shiru a sallame mu. Yanzu keke mai ƙafa uku nake ja tsakanin Kakuri da Nasarawa. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna. Matata Rakiya, wadda ake kira Maman Sadiya, waina take sayarwa a ƙofar gida, da miyar taushe. Duk wanda ya taɓa ci zai gaya maka hannunta ya san gishiri. Ba ta taɓa aunawa da cokali ba, yatsu uku take sawa ta ɗiba, kuma ba ta ƙarawa. Ita ce ta yi jinyar da zan ba da labari. Mafi munin jinyar kuwa ni na jawo mata.

Ciwonta na asali ya bayyana ne shekara uku da suka wuce. Sai ta kama magana ba tsayawa, barci ya ƙaurace mata, ta jiƙa shinkafa ninki uku na yadda ta saba, ta soya ta raba wa masu wucewa kyauta, tana cewa za ta buɗe shago a kowace unguwa. Bayan makonni sai jikinta ya mutu murus kamar fitilar da mai ya ƙare, ba wanka, ba magana, sai kallon bango. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi. Malamin da ke mata addu'a, Allah ya saka masa, shi ya ja ni gefe ya ce, "Iliyasu, addu'a ba za mu fasa ba, amma ka kai ta asibitin ƙwaƙwalwa."

Na kai ta ina sunkuyar da kai. A can muka haɗu da wata likita mace, gajera, 'yar kudancin jihar nan, Hausarta ta fi tawa tsabta. Bayan an gwada wani magani bai karɓe ta ba, sai ta ɗora ta a kan wanda ake kira litiyam. Ranar ta juya bayan katin asibiti ta yi mini zane da biro.

Ta ce, "Malam Iliyasu, ƙwaƙwalwa cike take da ƙananan ƙwayoyin jijiya, kowace tana aika wa 'yar'uwarta saƙo. Kowace ƙwaya tana da fata siririya, da maiƙo aka yi ta. Idan saƙo ya zo ba ya shiga ciki, a bakin ƙofa yake tsayawa ya ƙwanƙwasa. Da ya ƙwanƙwasa sai a yanki wani ɗan maiƙo a jikin fatar a raba shi biyu. Rabi ya ruga ciki ya tayar da masu aiki, rabi ya tsaya a fatar ya tayar da na bakin ƙofa. In an gama sai a tattaro gutsattsarin, a sake haɗa su, a mayar wurinsu su jira saƙo na gaba."

Na ce, "Kamar kwarkwaro ke nan."

Ta ce in yi mata bayani. Na gaya mata a masaƙa mu ne muke cika kwarkwaro da zare, a kwashe a kai wa masu saƙa. In zaren ya ƙare sai a dawo mana da shi fanko mu sake cikawa. Ranar da masu dawowa da shi suka yi nawa, dole inji ya rage gudu, komai gaggawar mai tuƙa shi.

Ta yi dariya ta ce, "Ka kama. A wurin matarka akwai injin da ke gudu fiye da ƙima. Ba mu gama sanin duk yadda maganin yake aiki ba, amma masana suna ganin yana jinkirta dawowar kwarkwaron ne. Injin da ke tafiya daidai ba zai ji komai ba, mai gudun ne zai lafa."

Daga nan ta ci gaba da magana. Ta ce maganin wani irin gishiri ne, ƙoda ce ke fitar da shi. Ta ce tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa tazara kaɗan ce, don haka dole a riƙa gwada jini lokaci-lokaci. Ta ce ta riƙa shan ruwa, kada ta sauya yadda take cin abinci, kada a ba ta maganin ciwon jiki sai an tambaya. Duk ta faɗa, ba zan ɗora mata laifi ba. Ni dai ina can ina jin daɗin cewa likita ta yaba mini. Abu biyu na tafi da su gida: kwarkwaro, da kalmar nan, gishiri ne.

Rakiya ta samu lafiya. Ta koma bakin tanda, ta koma dariyarta, har ta fi da ƙiba. Sama da shekara biyu ba mu ga komai ba. A cikin wannan lafiyar ne na yi laifuffukan da suka taru suka faɗo mata.

Na farko, duk wanda ya tambayi me take shan magani kullum, sai in ce hawan jini ne. Ciwo ne na mutunci, kowane gida akwai mai shi. Har juye ƙwayoyin nake yi daga kwalinsu in zuba a wata farar roba marar suna, in ƙone kwalin. Na biyu, na daina kai ta gwajin jini. Gaskiya ne layin yana cinye yini guda, ka zo da sassafe ka tarar an riga ka, wani lokaci a ce a dawo mako mai zuwa. Amma ba layin ne ya kore ni ba. Wata rana wani abokin sana'ata ya sauke fasinja a ƙofar asibitin ya gan ni, ya ce, "Ilu, kai ka zo da ƙafarka ko kawo ka aka yi?" Ya yi dariya ya wuce. Tun daga ranar ban sake komawa ba. Na riƙa ɗaukar tsohuwar takarda ina sayo maganin a wani kanti a ƙetaren kogi, inda ba wanda ya san ni.

Bana, a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke hana mutum zama a ɗaki, Gwaggo Asabe ta zo mana daga Funtuwa. Ƙanwar mahaifin Rakiya ce, ita ta rene ta tun tana 'yar shekara huɗu. Ta zo ne a duba mata ido, ta ce za ta yi mana wata guda. Gwaggo ita ce mai hawan jini na gaske, ta shekara goma tana fama, ta san dokokinsa kamar karatun sallah.

Washegarin zuwanta ta ga Rakiya ta sa yatsu a kwanon gishiri ta zuba a miya, ta ɗanɗana.

Ta ce, "Rakiya, ajiye kwanon nan. Mai hawan jini da gishiri? Iliyasu, kana gani ka zuba mata ido? Haka kuke rainon ciwo a Kaduna?"

Rakiya ta ɗago ta dube ni. A nan ne ya kamata in buɗe baki. Amma sai na ji zuciyata tana yi mini lissafi: ai likita da kanta ta ce maganin gishiri ne. Gishiri a ƙwaya, gishiri a miya, ashe ma yawa yake yi mata. Sai na ga maganar Gwaggo ta rufa mini asiri, kuma ta zo daidai da ilimin da nake ganin ina da shi. Na ce, "Gaskiyarki ne, Gwaggo."

Da yamma Rakiya ta same ni ina wanke keke. Ta rage murya ta ce, "Malam, likita fa ta ce kada in sauya cin abincina."

Na ce, "Ni ta yi wa bayani. Ke a lokacin ba kya cikin hayyacinki."

Ta ɗauki bokitin da na gama da shi ta shiga gida. A duk abin da na yi, wannan maganar ce ta fi ci mini rai.

Gwaggo ta karɓi ragamar gida. Ta ware wa Rakiya tukunyarta daban, ba gishiri, ba dunƙule, ba kanwa. Miyar sayarwa ma ita take ɗanɗanawa ta tofar, don kada ya taɓa harshen 'yarta. Safe da yamma kuma ga zoɓo marar sukari, wai yana sauke jini. Da ƙauna take yin komai. Takan zauna kusa da ita ta ce, "Daure ki ci, ni ma haka na fara, yanzu ko an sa mini ba na so."

Makon farko ba mu ga wani abu ba, sai ƙishirwa da yawan fita fitsari. Muka ce zafi ne, ga kuma wutar tanda.

A mako na biyu hannu ya fara rawa. Da ma yana ɗan motsi tun da ta fara maganin, amma ba mai lura. Yanzu kuwa sai ta ɗebo ƙullu a ludayi, kafin ta kai ramin tanda rabi ya zube a gefe. Wani tsohon mai saye ya ce, "Maman Sadiya, yau wainar taki har da kunnuwa." Ta yi murmushi ta ba shi gyara. Na gani. Na ce a raina gajiya ce.

Mako na uku ya zo da gudawa da amai, da ciwon ƙugu. Masu shawara suka yi yawa. Wannan ya ce taifot ce, a dafa ganyen gwanda. Waccan ta ce kambun baka ne, ciniki ya yi mata yawa an sa mata ido. Gwaggo ta ce gishirin shekaru ne yake fita, alamar sauƙi ce. Ni kuma na tafi kantin Emeka. Emeka Inyamuri ne, a Kakuri aka haife shi, yana da ɗan kantin magani a bakin layinmu, mun shekara ashirin muna gaisawa.

Na ce ya ba ni maganin ciwon ƙugu mai ƙarfi.

Ya ce, "Na wa, Malam Ilu? Kai ko madam?"

Na ce na madam.

Ya riƙe kwalin bai miƙo ba. Ya ce, "Tana shan wani magani? Gaya mini gaskiya fa, wannan ba ya shiri da kowa."

Na ce, "Ɗan na hawan jini ne, shi ma ba kullum ba."

Ya ce to ta sha kwana uku kawai, bayan ta ci abinci, in bai bari ba a je asibiti. Na ba ta kwana bakwai, safe da yamma.

Ranar Talata ta mako na huɗu, da safe, na ji maganarta ta yi nauyi kamar mai tuwo a baki. Ta fito tana dafa bango. Duk da haka ta ce za ta soya ko kaɗan ne, ƙullu zai lalace. Ta zauna a kujerarta, ta miƙa hannu ga ludayi, sai ta kife gefe guda. Mai ya fallatsar mata a dantse. Muka ɗauke ta ni da Gwaggo muka sa a bayan keke.

A nan ma sai da na ƙara wani. Na zo daidai mararrabar da ke zuwa asibitin da fayil ɗinta yake, inda suka san ta, suka san maganinta. Na dubi madubi na ga Gwaggo rungume da ita. Na miƙe, na kai ta wani babban asibiti daban.

Ƙarfe tara muka isa. Layin kati, layin biya, sannan benci a ɗakin gaggawa. Nas ta tambayi ciwon da take da shi, na ce hawan jini. Ta auna, ta sake aunawa, ta ce jinin ma ƙasa yake. Wani likita matashi ya zo, dogo, idonsa ja don gajiya. Ya tambayi maganin da take sha. Gwaggo ta kwance bakin zane ta fito da farar robar nan, tana alfahari ba ta manta da ita ba.

Ya juya robar ya ce, "Mene ne sunansa?"

Na ce, "Na manta, likita."

Ya ce to, da nauyin baki da faɗuwa, suna tsoron shanyewar ɓarin jiki ne, a je a yi hoton kai. Muka koma wani layin. Ina zaune, katin tsohon asibitin yana cikin walat ɗina, da sunan maganin a gaba, da zanen likita a baya. Ina jin sa a aljihu kamar garwashi. Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta yi. Ina ce wa kaina bari Gwaggo ta tashi zuwa bayan gida sai in faɗa. Gwaggo ba ta tashi ba.

Aka kira azahar na je masallacin asibiti. Na yi sallah ban san me na karanta ba. Da na dawo na tarar jikinta yana fizga, idanunta suna kai da komowa. Na kira ta, Maman Sadiya, ta dube ni kamar baƙo. Sai a lokacin na bi likitan nan a baranda na miƙa masa katin.

Ya karanta. Ya ce, "Tun ƙarfe nawa kuke nan?"

Na ce tun tara.

Ya dubi agogonsa kawai. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya shiga jero tambaya: ta yi amai, ta yi gudawa, an ba ta maganin ciwon jiki, yaushe aka gwada jini, an sauya mata abinci? Kowace na amsa da i, sai ta gwajin jini da na ce an fi shekara. A ta ƙarshe na ce, "Mun hana ta gishiri, kusan wata guda. An ce mini maganin gishiri ne, na ga kada ya yi mata yawa."

Ya runtse ido kaɗan. Ya ce, "Baba, juyinsa ne. Ƙoda ba ta iya bambanta su sosai. In jiki ya rasa gishirin abinci, sai ƙoda ta riƙe duk abin da ya yi kama da shi, ta hana shi fita. Maganin ya taru a jikinta ke nan. Ga zufa, ga gudawa, ga maganin ciwon jikin da ya ƙara toshe hanya."

A fahimtata ta tsohon ma'aikacin masaƙa, abin da aka sa ya jinkirta kwarkwaro kaɗan ya taru har ya tare hanya gaba ɗaya, injuna masu laifi da marasa laifi duk suna tsayawa. Ban faɗa masa haka ba. Na gama yi wa likitoci misali.

Nan da nan aka ba ta gado, aka ɗebi jini, aka rataya ƙarin ruwa. Gwaggo ta tambayi nas wane irin ruwa ne. Nas ta ce, "Ruwan gishiri ne, Mama."

Gwaggo ta miƙe. Ta ce, "Gishiri, a jikin mai hawan jini? Wata guda ina tsare ta. 'Yata, cire shi, ba ku karanta katinta ba ne? Iliyasu, yi musu magana."

Ta kai hannu za ta kama robar. Na riƙe hannunta, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Gwaggo, ba ta da hawan jini. Ba ta taɓa yi ba. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, shekara uku ke nan. Maganinsa ne a robar nan. Rashin gishirin ne ya mayar da shi guba."

Duk masu jinya a ɗakin sun ji. Abin da na shekara uku ina gudu ya faru cikin numfashi ɗaya, kuma ba wanda ya ko juyo. Kowa da nasa a gado.

Gwaggo ta zauna a hankali. Ta daɗe tana kallon ruwan yana ɗiga. Sannan ta ce, "Na goya ta, na yi mata aure. Da ka ce mini hauka ne tuburan, da zan goya ta karo na biyu. Amma sai ka ba ni wuƙa ka ce magani ce, ka tsaya kana kallo ina yanka ta." Ba ta ɗaga murya ba. Daga nan ta kwana tara ba ta yi mini magana ba.

Gwajin da zai nuna yawan maganin a jini ba a yin sa a wurin. Ni na ɗauki kwalbar a kekena na ƙetare gada, cikin cunkoson la'asar, na kai wani ɗakin gwaji. Sakamako ya fito washegari. Ya yi yawa ƙwarai, ƙoda kuma ta raunana. Suka ce ruwa kaɗai ba zai isa ba, sai an yi wankin jini da inji. An yi mata sau biyu. Abin da muka tara don sauya kwanon rufi kafin damina duk ya tafi a makon nan, ya ja tsohon firjinmu ya tafi da shi.

Zan faɗi gaskiyar asibiti, daɗi da rashinsa. Komai sai ka saya, safar hannu, sirinji, auduga, kuma kowanne da layinsa. Ranar wanki na biyu mun jira tun safe har la'asar saboda injin yana kan wani. Akwai nas ɗin da in ka tambaye ta abu sai ta amsa wa bango. Akwai kuma wadda take zuwa ta gyara wa Rakiya ɗankwali, ta ce mace ba ta son a gan ta haka ko ba ta sani ba. Likitan nan dogo kuwa, ranar hutunsa ma sai da ya leƙo. Ban san sunansa na gida ba, amma ina sa shi a addu'a.

Emeka ya zo a rana ta huɗu da katan ɗin ruwa. Ya ce, "Malam Ilu, ka sa na yi kwana uku ba na iya cin abinci. Da hannuna na ba ka. Me ya sa ba ka gaya mini ba? Ƙanena a Sabon Tasha irin asibitin yake zuwa, ni nake kai shi." Ya ƙara da cewa, "Kuma wa kake ɓoye wa? Ranar da madam ta raba waina kyauta ni ma na ci guda shida. Duk layin nan mun san wani abu ya faru, mun ga ta warke, mun yi murna. Sunan maganin ne kawai ba mu sani ba."

A rana ta biyar Rakiya ta gane Gwaggo. Gwaggo ce ke juya ta, ta goge mata jiki, ta wanke ƙunar dantsen. Ita ce kuma ta dafa mata faten farko, ta kawo a kula. Na ga ta ɗebi gishiri a ƙullin leda ta barbaɗa. A mako na biyu magana ta fara dawowa, a hankali, kalma tana jan kalma. A na uku ta taka daga gado zuwa ƙofa tana riƙe da kafaɗata. Aka sallame mu ana yayyafin farko.

Muka koma wurin likitarta ta asali, mu uku, Gwaggo a gaba. Na miƙa mata katin da zanenta a baya, na faɗi komai. Ta ce, "Kwarkwaron ka tafi da shi, sauran ka bar mini a nan." Ta sauya mata magani. Ta ce gubar ta taɓa sashen ƙwaƙwalwa na ƙeya, mai riƙe da daidaiton tafiya da hannu. Tafiya za ta gyaru sosai. Hannu kuwa zai iya lafawa, zai iya zama haka. Na tambaye ta ko awannin nan da na yi shiru a benci su ne suka jawo. Ta ce, "Ba zan iya ce maka i ba, ba zan iya ce maka a'a ba." Da wannan amsar nake kwana nake tashi.

Ga wanda ke da mai shan irin wannan magani, ba ina cewa maganin mugu ne ba. Shi ya dawo mini da matata shekara biyu cur. Ka bar shi a kwalinsa da sunansa. Ka je gwajin jini ko layin ya kai bakin titi. Kada ka rage wa mai shan sa gishiri ko ka ƙara, kada ka sayo masa maganin ciwon jiki da ka. In ka ga rawar hannu ta ƙaru, ko amai da gudawa, ko nauyin baki, ranar za ka tafi, ka kuma faɗi sunan maganin tun a teburin kati. In za ka sakaya ciwo, ka sani duk sunan ƙaryar da ka ba shi yana zuwa da nasa dokokin, kuma masu ƙaunarka za su bi su da gaske.

Wata huɗu ke nan yanzu. Gwaggo ta koma Funtuwa, tana kira duk Juma'a, takan ce a ba ni mu gaisa. Rakiya tana tafiya ba dafa bango. Ludayi ta koyi riƙe shi da hannu biyu, wainar tana fitowa da kunnuwa, masu saye sun saba. Gishiri ne ya gagara. In ta ɗiba da yatsu uku, kafin ta kai tukunya ya watse.

Na nemi gafararta tun a asibiti, ta ce in bari sai ta iya magana sosai. Ran nan da safe, kafin in fita da keke, tana zaune gaban tukunyar taushe na sake roƙonta.

Ta ce, "Gishirin na yafe, Malam. Ba ka sani ba ne, kuma ka ɗauka ka sani. Robar ma na yafe, ni ma na ji kunyar a lokacin." Ta juya miya. "Maganar nan ta bakin keke ce nake kan ƙoƙari. Ka ba ni lokaci."

Na ce na ba ta.

Ta tura mini kwanon gishiri da ƙafa. Ta ce, "Wanke hannu ka ɗibar mini."

Na ɗiba da yatsu uku na nuna mata.

Ta ce, "Rage."

Na rage. Ta leƙa tafin hannuna ta ce in ƙara kaɗan. A ganina ya riga ya isa, har bakina ya buɗe zan faɗa. Na rufe shi, na ƙara.

Ta ɗanɗana, ta gyaɗa kai, ta ce, "To, tafi aikinka."